Kafin Likita Ya Iso: Ina Ikon Nas Ya Tsaya a Asibitocin Arewa?

A daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar man da ke malala, kafin a ankara wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 ne suka rasu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, daga baya aka wuce da wasu zuwa manyan asibitoci. An yi ta magana a kan direba, da hanya, da talaucin da ke sa mutum ya tunkari fetur da bokiti. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne irin aikin da ke faɗa wa duk wanda duti ya rutsa da shi a dare irin wannan.

Ga yadda lissafin yake. Mutum mai nauyin kilo 60 da wuta ta ci kashi 40 cikin ɗari na fatarsa, bisa ƙa'idar Parkland da ake koyarwa a makarantun lafiya, yana buƙatar ƙarin ruwa kusan lita 10 cikin awa 24 na farko, kuma rabinsa dole ya shiga jikinsa cikin awa takwas daga lokacin da ya ƙone. Leda kusan 20 ke nan ta rabin lita, ga mutum guda. Sai an lalubo jijiya a jikin da ya saluɓe, sai an sa robar fitsari ana auna abin da ƙoda ke fitarwa kowace awa, sai an riƙa sauraron numfashinsa ko hayaƙin da ya shaƙa ya fara kumbura masa maƙogwaro. A takarda, likita ne zai duba ya rubuta. Amma duk wanda ya taɓa kwana jinya a babban asibitin ƙaramar hukuma ya san cewa da ƙarfe biyun dare, wanda za ka tarar a bakin ƙofa nas ne ko nas ce, likita kuwa sai an buga masa waya, idan ma ba shi kaɗai ke riƙe da asibitin gaba ɗaya ba kuma yana ɗakin tiyata.

A tsakanin isowar majinyaci da isowar likita akwai mintuna, wani lokacin sa'o'i, waɗanda a cikinsu ne ake rasa rai ko a ceto shi. Har yau Najeriya ba ta zauna ta rubuta dalla-dalla abin da ma'aikacin jinya ke da ikon yi a wannan tsakani ba, ba ta horar da isassu a kai ba, kuma ba ta biyan wanda ya ƙware a kai abin da zai sa ya zauna.

Doka ta ce a taimaka

Ba wai babu doka ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa duk wani ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum agajin gaggawa bisa kowane irin dalili, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. A ƙarshen 2017 aka sa hannu a wata dokar da ta tilasta wa asibitoci, na gwamnati da na kuɗi, su karɓi wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, sai dai su sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara magani. A jihohin da 'yan bindiga suka addaba, irin su Zamfara da Katsina da Sakkwato, wannan doka ba ado ba ce, abu ne na yau da gobe.

Dokar 2014 ɗin ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka ware kashi biyar cikin ɗari na asusun domin agajin gaggawa. Daga wannan kaso ne aka ƙaddamar da shirin motocin agaji na ƙasa, NEMSAS, a 2022, wanda aka tsara ya ɗauki nauyin awa 48 na farko na jinyar wanda ya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Tsari ne mai kyau, amma har yanzu mafi yawan waɗanda suka yi haɗari a hanyoyinmu a bayan a-kori-kura ko cikin a-daidaita-sahu ake kawo su, ba tare da an tsayar da jini ko an tallafe wuya ba.

To, an kawo shi. Doka ta ce wa nas kada ta kuskura ta ƙi taimako. Sai dai wani ɓangaren na tsarin yana ce mata kada ta wuce gona da iri. Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda Doka ta 89 ta 1979 ta kafa, ita ke tsara manhajar karatu, ta shirya jarrabawa, ta ba da lasisi, ta kuma hukunta wanda ya saɓa. Lasisin ya ba nas ikon duba majinyaci, auna hawan jini da bugun zuciya da zafin jiki, ba da maganin da aka rubuta, wanke ciwo, sa ƙarin ruwa, farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Bai ba ta cikakken ikon rubuta magani bisa raɗin kanta ba, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Idan ta ga yaro yana jijjiga saboda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ta san allurar da za a yi, ta san adadin da ya dace da nauyinsa, watakila ta yi wa yara ɗaruruwa a ƙarƙashin umarnin likita. Idan ta yi yanzu yaron ya tashi, ba mai cewa komai, likita zai zo ya sa hannu a fayil. Idan ta yi yaron ya cika, tambayar farko da kwamitin bincike zai yi mata ita ce wa ya ba ta izini. Idan kuma ta tsaya jira, dangi za su ce ta zuba ido ɗansu ya mutu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Gaba kura, baya sayaki.

Abin mamaki, a ƙananan asibitocin karkara ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda ake kira CHEW, suna da littafin umarni na dindindin da ke gaya musu: in ka ga alama kaza, ba da magani kaza, in ya wuce haka ka tura gaba. Karatunsu bai kai na nas zurfi ba a harkar jinyar mai tsananin ciwo, amma suna da takardar da za su nuna. Nas a sashen agajin gaggawa na asibitoci da yawa ba ta da irin wannan takarda, sai abin da aka saba yi a wurin da kuma irin fahimtar da ke tsakaninta da likitan da ke duti. Inda likitan mai sauƙin kai ne, aiki ya tafi. Inda mai ji da kansa ne, sai kowa ya kama kansa, majinyaci ya kwana a ciki.

A 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da manufar raba aiki tsakanin ma'aikatan lafiya, aka sabunta ta a 2018. Ta amince a ɗora wa nas da ungozoma wasu ayyukan da a da sai likita, kamar cire mabiyiyar da ta maƙale, wankin ciki bayan ɓari, da fara ba da maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma manufa ce ba doka ba, sai jiha ta ga dama ta karɓa, kuma ƙarfinta ya fi karkata ga haihuwa, tazarar haihuwa, tarin fuka da maleriya. Wanda mota ta buge, da wanda kububuwa ta sara a gona, da dattijon da sukari ya kayar, har yanzu al'amarinsu ya dogara ne da wanda suka tarar.

Abin da Kano ta gwada ta gani

Masu ɗari-ɗari da faɗaɗa ikon nas suna da hujjar da ba za a yar ba. Suna cewa shekara shida na karatun likita ba wasa ba ne, kuma ƙasar da ta riga ta cika da masu kemis da ke ɗaura wa mutane ruwa a bayan shago ba ta buƙatar ƙarin masu rubuta magani. Akwai ma waɗanda asibitocin kuɗi ke koya wa aiki na 'yan watanni, a sa musu fararen kaya, jama'a su riƙa ce musu "Nas" alhali ba su taɓa zama jarrabawar hukuma ba. Duk kuskuren da suka tafka, sunan masu lasisi ne ke ɓaci. Wannan gaskiya ne. Amma maganin wannan shi ne a tantance wa ke da lasisi, a kuma rubuta iyakar kowa, ba a bar komai a duhu ba. Duhun ne ma ke ba jabun damar sajewa.

Kuma ba sai an je Turai neman misali ba. Jijjigar masu juna biyu, wadda hawan jini ke haddasawa, ta daɗe tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a Arewa. A 2008 aka shigo da allurar magnesium sulphate asibitoci goma na jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi a kan ƙa'ida guda a rubuce: giram huɗu a jijiya a hankali, giram biyar-biyar a kowane ɗuwawu, sannan giram biyar duk bayan awa huɗu, tare da duba numfashi, da motsin gwiwa, da yawan fitsari kafin kowace allura. Rahoton da Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna cewa mace-macen masu wannan ciwo ya sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi uku. Maganin ba sabo ba ne a duniya, kuma ba shi da tsada. Abin da ya canza shi ne ya samu a ɗakin haihuwa, kuma wadda ke tsaye a kan mai naƙuda ta san yadda za ta yi da shi ba tare da fargaba ba.

Misali na biyu ya fi wannan girma. A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE da aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Matsalar da aka tunkara ita ce zubar jini bayan haihuwa, wanda ke iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu. A da ungozoma da ido take kintatar jinin da ya zuba, a zani da katifa da ƙasa, kuma ido yakan rage. Sai aka ba ta wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai jego, jini ya riƙa taruwa a cikinta. Da zarar ya kai rabin lita, ba jira, ba gwada magani ɗaya a ga ko zai yi: ta murza mahaifa, ta ba da allurar da ke matse ta, ta ba da tranexamic acid mai taimaka wa jini daskarewa, ta ɗaura ruwa, ta duba ko akwai yagewa, duk a lokaci guda, sannan a kira na gaba in abin ya ƙi. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa, ya ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Ba wanda ya mayar da ungozoma likita a waɗannan asibitoci. An dai ba ta ma'auni, an ba ta magani a kusa da hannunta, an ba ta umarni a rubuce da ke cewa in kin ga kaza ki yi kaza. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 sun rasu wajen ciki da haihuwa a 2020 kaɗai, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya baki ɗaya, ban ga dalilin da zai hana a ɗauki wannan darasi a kai shi sashen haɗurra ba.

Farkon abin da sashen ke buƙata ma ba magani ba ne, tantancewa ce. A asibitocin da suka tsara aikinsu, nas ce ke tarbar kowa a ƙofa, cikin 'yan mintuna ta auna shi ta ba shi launi: ja ga wanda ba zai iya jiran ko minti ɗaya ba, ruwan lemo da rawaya ga masu ɗan sauran lokaci, kore ga wanda zai iya zama a benci. Afirka ta Kudu ta tsara nata ma'aunin musamman domin wuraren da ma'aikata suka yi ƙaranci, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da na yara. A wurare da yawa a nan, layi ne ke tantancewa, ko mai yankan kati, ko wanda danginsa suka fi iya ɗaga murya. Mai ihu yana da sauran ƙarfi a ƙirjinsa. Wanda ya yi shiru a kusurwa, gumi mai sanyi na keto masa, shi ne abin tsoro. Nas mai horo ta san wannan, amma sai an ba ta tebur a ƙofa da ikon cewa wannan ne zai fara shiga, ko da wancan ɗan gidan wane ne.

Kada a ɗauka ina wanke ma'aikatan jinya tas ne. Mata da yawa a Arewa sun fi son haihuwa a gida, kuma in ka tambaye su dalili, bayan nisa da kuɗi, za su ambaci tsawa da baƙar magana a ɗakin haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na haihuwa a Arewa maso Yamma ne ƙwararren ma'aikaci ke karɓa. Gajiya da yawan majinyata suna bayyana wani abu daga cikin wannan hali, amma ba su halatta shi ba. Haka nan kuma ba daidai ba ne dangi su ɗora wa nas laifin rashin safar hannu, da rashin iskar oksijin, da ɗaukewar wuta ana tsakiyar ɗinki. Ita ce ke miƙa takardar "a je a sayo", don haka ita ake zagi, wani lokacin har da duka, alhali wanda ya tsara kasafin yana gida yana barci. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya ta shafe shekaru tana yawo a wajajen kashi biyar.

Ina hanyar ta nufa?

Yarinyar da ta gama sakandare a Gumel ko Funtuwa tana son wannan aiki, sai ta samu kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Daga nan hanya biyu ce. Ko ta shiga kwalejin jinya, inda tsarin da aka saba shi ne shekara uku a fito da lasisin jinya ko na ungozoma, yanzu kuma ana mayar da kwalejojin tsarin babbar difloma. Ko ta shiga jami'a ta yi digiri na shekara biyar; Jami'ar Ibadan ce ta fara bayar da digirin jinya tun 1965, yanzu kuma ana yi a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da sauransu. Akwai kuma gajeren tsari na shekara biyu da aka ƙirƙiro domin ungozomomin karkara. Tsakanin 2012 da 2020 wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa, Women for Health, ya riƙa ɗauko 'yan matan ƙauye a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, a ba su karatun share fage domin su cike gurbin kiredit, bisa alkawarin za su koma garuruwansu su yi aiki. Ya yi tasiri a inda magidanta ba sa yarda namiji ya duba matansu. Ga iyayen da har yanzu ke ganin dutin dare bai dace da 'ya mace ba, malamai sukan tuna musu da Rufaida al-Aslamiyya, sahabiyar da ke jinyar waɗanda suka ji rauni a tantinta a masallacin Madina, inda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Maza ma, a Arewa, sun daɗe a aikin. "Malamin asibiti" da kakanninmu suka sani yawanci nas ne.

Bayan lasisin farko akwai ƙwarewa ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi: jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, jinyar masu taɓin hankali a Barnawa, ga kuma fannonin agajin gaggawa, ɗakin tiyata, kula da masu tsananin ciwo, da sa barci. Wannan na ƙarshe ya isa misali: a manyan asibitocin jihohi da dama, nas ɗin da ya karanci sa barci ne ke riƙe da numfashin duk matar da za a yi wa fiɗa a ciro jariri, domin likitocin wannan fanni ƙalilan ne kuma suna asibitocin koyarwa. Aikin da kuskuren minti uku zai iya lalata ƙwaƙwalwa ke nan, an kuma yarda nas ya yi shi shekara da shekaru saboda larura.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an ƙware. Ƙarin girma a aikin gwamnati yana bin shekaru ne da takardun shaida, daga ƙaramin jami'in jinya har zuwa babban jami'i, sannan muƙaman darakta ga masu digiri. Kowane mataki yana ƙara nisanta mutum daga gadon majinyaci yana kusanta shi da tebur, da jadawalin duti, da taro. Wadda ta shekara goma sha biyar a sashen agajin gaggawa, wadda ke gane mai zubar jini a ciki tun daga yanayin fuskarsa, ba ta da wata hanyar samun ƙarin matsayi face ta zama metiron ta bar aikin ga sababbin shiga. Ko kuma a wayi gari a yi mata canji zuwa sashen da bai shafi abin da ta karanta ba. A Amurka tun 1965 aka fara horar da nas masu zurfin ilimi da ke duba majinyaci su rubuta magani, a Jami'ar Colorado. A Ingila tun 2006 nas da ta yi kwas na musamman tana iya rubuta magani a fannin da ta ƙware. Ba dole ne mu kwafi nasu ba, amma abin lura shi ne a can mutum na iya hawa sama yana nan a gefen gado.

Shi ya sa ake tafiya. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumar jinya na lokacin, Dakta Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kusan 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Mafi yawa Birtaniya suke nufa, wasu Amurka da Kanada, wasu kuma Saudiyya, wadda ta fi kwanta wa 'yan Arewa a rai. Hanyar Ingila a sarari take: jarrabawar Turanci, jarrabawar kwamfuta, sai ta gwajin aiki bayan an isa. Albashin farko a asibitocin gwamnatinsu kimanin fam 30,000 ne a shekara. Ko an cire haraji da kuɗin haya mai tsada, ba a haɗa shi da na nan, inda alawus ɗin haɗarin aiki ya shafe shekaru yana naira 5,000 a wata kafin a ƙara shi a 2021. Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a riƙa zuwa ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu ba, amma wannan bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ba.

Martanin da hukumar ta fara yi shi ne ta matse ƙofa. A watan na Fabrairu ta fitar da sanarwar cewa duk mai son a tantance masa takardu domin aiki a waje sai ya yi shekara biyu yana aiki bayan lasisi, ya kawo takardar shaida daga shugaban wurin aikinsa, ya kuma jira aƙalla wata shida. Ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar. Hujjarsu mai ƙarfi ce: da yawa daga cikin waɗanda ake son tsarewa ba su ma da aikin, domin jihohi ba sa ɗauka. Gwamnati ta kuma faɗaɗa guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun jinya daga 28,000 zuwa 64,000, ta amince da wata manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a Agustan 2024. Ƙarin ɗalibai abu ne mai kyau, in akwai malaman da za su koyar da su da gadajen da za su koyi aiki a kai. Amma sabuwar nas ba ta maye gurbin wadda ta shekara goma a ɗakin masu tsananin ciwo, kuma irin waɗannan ne ƙasashen waje suka fi so.

A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi, ta janye bayan 'yan kwanaki da aka cimma yarjejeniya. In ka duba buƙatunsu, ba duka ne na kuɗi ba. Bayan alawus ɗin duti da na yunifom, sun nemi a ɗauki ƙarin ma'aikata, a buɗe sashen jinya mai zaman kansa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a kuma tabbatar da tsarin aikinsu da aka amince da shi tun 2016 amma aka bar shi a aljihun tebur. Mutane ne da ke neman a rubuta matsayinsu.

Akwai kuma waɗanda ba kuɗi ne ke korarsu daga ƙauye ba, tsoro ne. A 2018 mayaƙa suka sace ma'aikatan lafiya a Rann ta jihar Borno, suka kashe ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross. A Arewa maso Yamma ƙananan asibitoci da dama sun daina kwanan dare saboda masu garkuwa da mutane. Duk wanda zai tura ma'aikaciya irin waɗannan wurare, wajibi ne ya fara tanadar mata masauki mai tsaro da alawus ɗin da ya dace da kasadar.

Mafi yawan abin da ake buƙata ba sai an jira Abuja ba. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi na jihohi ne, kuma kowace jiha tana da hukumar kula da asibitoci. Ba abin da zai hana kwamishinan lafiya ya tara likitoci da shugabannin jinya da masana magunguna su rubuta umarni na dindindin a kan abubuwan da suka fi kawo mutane da daddare, wato zubar jini, jijjiga, ƙuna, sarar maciji, faɗuwar sukari, asma da harbin bindiga, a fayyace abin da nas mai lasisi za ta fara yi kafin likita ya iso, a horar da ita, a sa hannu, a liƙa a bango, a kuma tabbatar magungunan suna cikin kabad ɗin da makullinsa ke hannun mai dutin dare. Sannan wanda jiha ta kashe kuɗi ta tura ya karanci agajin gaggawa a bar shi a sashen, a ba shi matsayi da alawus a can. Gwamnonin Arewa da majalisun jihohi su ne ke da wuƙa da nama a wannan, kuma jama'a na da haƙƙin tambayarsu tun kafin wata tankar ta sake kifewa.